Ranar da Rediyo Ta Kama Bakinta

A gidan mai aski akwai wani wasa da ba a yin irinsa a gidan kowa a layin, kuma shi mai askin ne ya ƙirƙiro abinsa. Da watan Kirsimeti ya kama sai a fito da 'yan mutum-mutumin katako a jera a kusurwar falo: Maryamu, Yusufu, makiyaya, tumaki, da wani jaki mai gutsurarren kunne. Komin dabbobin kuwa sai a bar shi wayam. Jaririn katakon a danƙa wa mutum ɗaya a gidan ya ɓoye shi, ba mai jin inda yake sai ranar Kirsimeti, bayan an kunna kyandir an yi waƙa. Sannan mai ɓoyewar ya je ya ɗauko shi ya kwantar a komin, a tafa masa. Kafin ranar kuwa kowa na da damar ya yi masa wayo ko zai saki sirrin.

Bara aka fara ba 'yarsu ta fari wannan aikin. Ba ta kwana da sirrin ba. Uwar ta zauna a bakin gado, ta rufe fuska da zani tana kukan ƙarya, wai ita kewar jaririn take yi. Yarinya ta rugo ta rungume ta, ta raɗa mata cewa yana cikin takalmin Baba. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar sunan yarinya ya ɓace, sai Rediyo, wai ba a kunna ta ba ma tana ba da labari. Masu zuwa aski suka ɗauka, yaran layi suka ɗauka. Manya dai ba su da tausayi idan suka sami abin dariya, kuma ba wanda ya lura cewa duk sanda aka kira sunan yarinyar takan sunkuyar da kai.

Bana Rediyo ta cika shekara biyar. Tana da ƙani, Lukuti, wanda bai gama iya magana ba amma ya gama iya ci, ga kuma sabon jariri da ko wata biyu bai rufa ba. Ranar jajibere da safe, suna shan shayi, uban ya zaro jaririn katako daga aljihu ya ɗora a tafin hannunta.

"Bana za ki wanke kanki," ya ce. "Amma ki ji ni da kyau. Ko wa ya tambaye ki, kada ki faɗa. Ko Mama ta yi kuka, dabara ce. Ko ta yi faɗa, dabara ce. Ko ni da kaina na durƙusa na roƙe ki, ki ce mini a'a. Kin ji?"

Ta gyaɗa kai, ta danne leɓɓanta.

Ya miƙe yana goge baki, ya leƙa fuskar jaririn da ke kafaɗar matarsa, ya yi dariya. "Mu ma dai da neman wahala. Ga jariri na gaske Allah ya ba mu, muna ta fama da na katako." Ya sumbaci ƙafar yaron ya sauka shagonsa, wanda ke ƙasan benen da suke haya.

Ita kuwa matar, kek take yi na sayarwa, duk layin Mai Kek ake ce mata. Jajiberen Kirsimeti kuwa ranar da ba ta da lokacin sosa kai ce. Tun asuba take tsaye. Kicin ya ɗau zafi, fulawa har a girarta, kwalaye an jera su a bakin ƙofa, masu karɓa na hawowa suna sauka, har ta gaji da buɗewa ta bar ƙofar a sakaye. Bayan azahar ta shayar da jaririn, ya ƙoshi ya yi luƙus, ta kwantar da shi a gadonsa a ɗaki ta ja labule. Rediyo da Lukuti na falo suna wasa da tumakin katako. Ta koma kan wani babban kek mai hawa biyu, na wata mata da ta dame ta da waya tun safe.

Jikinta ne ya tuna mata da shi. Tana cikin zana fure a gefen kek ta ji nononta ya cika ya fara jiƙa riga, sai ta tsaya da hannu a sama. Yaron nan ba ya wuce lokacinsa, shi ke tashin gidan tun kafin ta tuna. Yau shiru. Ta goge hannu ta nufi ɗaki tana cewa, "Yau kuma sarkin kuka hutu aka ɗauka?"

Gadon babu kowa. Babu shawul ɗinsa. A tsakiyar katifar jaririn katako ne kwance, an lulluɓe shi da hankici har wuya.

Da farko ba ta tsorata ba. Ta san halin mijinta, yakan lallaɓo ya ɗauke yaron ya kai shago ya yi wa mutane burga. Ta fita ta leƙa ta kan matakala, ta ɗaga murya don ta fi ƙarar kilifar aski.

"Baban yara! Ka hawo mini da shi haka nan, lokacin shansa ya wuce."

Kilifa ta tsaya. "In hawo da wa?"

"Jariri mana."

"Ni rabona da sama tun safe."

Ta juyo ta ga ƙofar nan a sakaye, sai fuskokin duk waɗanda suka hawo yau suka fara wuce mata ta ido. Matar nan mai babbar jaka da ta ce a ba ta ruwa. Saurayin da ya zo da hular babur a kansa bai cire ba. Ba ta san sunan ko ɗaya ba. Ta buɗe baki za ta kurma ihu, sai idonta ya sauka kan Rediyo.

Yarinyar na zaune a kan kujera ta miƙe baya, hannuwa a kan cinya, ta danne leɓɓa har sun yi fari. Idanunta kuwa sai ƙyalli suke, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani.

"Ke," in ji Mai Kek. "Ina ƙaninki?"

Rediyo ta girgiza kai.

"Ke kika ɗauke shi?"

Ta gyaɗa kai, murmushi na neman ƙwace mata.

"Ina kika kai shi?"

"Ba a faɗa," in ji Rediyo. "Sai Kirsimeti."

A lokacin ne Mai Kek ta tuna ta bar kicin sau ɗaya, sa'ad da ta sauka ta kai wa wata mata kek mota, ta kuma tsaya suna gaisawa. Obin ɗin gasa kek kuwa a kunne ta bar shi. Ba ta san yadda ta isa kicin ba. Ta fizgi murfin da hannu tsirara, zafi ya bugi fuskarta, ta ga gwangwanayen kek biyu suna tashi abinsu. Ta mayar da murfin. Daga nan ta faɗa wa firiza, ta yi watsi da bota da kaji a ƙasa. Ta buɗe injin wanki. Ta shiga banɗaki inda babbar robar ruwa take cike, ta ga gindin robar tas ta cikin ruwan, amma duk da haka sai da ta zura hannu har kafaɗa ta laluba.

Mijin ya shigo yana haki, kilifa a hannu, gashin mutane a rigarsa. Bayansa wani tsoho da aka aske wa rabin kai ya tsaya a bakin ƙofa da ƙyallen aski a wuya. Da tsohon ya ji abin da ake ciki, ya juya ya bi matakala yana leƙa kowane lungu.

Mai aski ya durƙusa gaban 'yarsa yana ƙoƙarin yin murmushi. "'Yar Baba, wasa ya ƙare. Kin ci. Kin cinye mu duka. Faɗa mini inda yake."

"A'a."

"Ni ne fa, Baba. Ni na ba ki aikin, ni kuma na ce ki faɗa."

"Ai ka ce ko kai ne ka durƙusa in ce a'a."

Ya kalli gwiwoyinsa a ƙasa, ya kalli matarsa. Ita ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, duk jinin ya janye. Ya miƙe ya shiga ɗaki, ta ji yana jan gado, yana zazzage kabad, yana kiran "Yaro! Yaro!" kamar ɗan wata biyu zai amsa masa.

Gidan ba wani babba ba ne, ɗaki biyu da falo da ɗan sito, amma ranar sai ya zama duk ramuka. Kowace durowa, kowane kwali, kowace jaka na iya haɗiye jariri. Kwalayen kek kaɗai sun kai rufin sito. Akwai ma waɗanda aka riga aka ɗauka aka tafi da su, manya-manya, ta rufe su da hannunta ko kuwa ta tarar da su a rufe? Ta kasa tunawa. Ta ɗauki waya za ta kira masu su, ta rasa wa za ta fara kira, ta ajiye wayar.

Ta kama Lukuti, wanda ke zaune yana lasar bota daga ƙasa. "Ɗan Mama, ka ga bebi? Ina Yaya ta kai bebi?"

Lukuti ya nuna fanka. Ya nuna bakinsa. Sannan ya nuna ƙofar baranda ya ce, "Bebi ya tafi."

Ta tsaya a bakin barandar ta kasa leƙawa. Ta riƙe ƙarfen, ta ce, "Ya Ubangiji, ka ji tausayina," sannan ta sauke ido. Rumfar shagon ce a ƙasa, da takalmin yara ƙafa ɗaya da ya daɗe a kai, da mutane na wucewa da ledojin cefane. Ba komai. Ta juyo cikin falo, kukan da take dannewa ya ƙwace.

Ta zube gaban Rediyo ta kama ƙafafunta. "Don Allah, 'yata. Don girman Allah. Ƙaninki ba katako ba ne, numfashi yake yi. Idan kin rufe shi a wani abu zai mutu. Kin ji? Mutuwa zai yi."

Rediyo ta karkata kai tana kallon hawayen da kyau, kamar mai duba kaya a kasuwa. Sai ta yi 'yar dariya. "Kukan ƙarya ne. Irin na bara."

Mai Kek ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Ƙarar marin ta cika falon. Ba ta taɓa dukan yarinyar nan a fuska ba, kuma tun hannun bai sauko ba ta san ta ɓata komai. Rediyo ta dafe kumatu, idanunta suka firfito, hawaye suka zubo, amma bakin nan ko motsi. Ta zame daga kujerar ta shige ƙarƙashin tebur, ta haɗa kai da gwiwa. Baba ya ce ko faɗa aka yi dabara ce. Yarinyar ta ɗauka wannan ma cikin jarrabawar yake.

"Ku yi shiru!" mai aski ya daka tsawa daga ɗaki. "Kowa ya yi shiru mu saurara."

Ya kashe fanka. Mai Kek ta toshe wa Lukuti baki. Suka tsaya kamar an dasa su. Firij na gurnani. Agogon bango na tafiya. Can a titi wani na gwada lasifika da waƙoƙin biki, wata mota na oda. Ta saurara har kunnenta ya fara ƙara. Yaron da kukansa ke hana maƙwabta barci, lokacin shansa ya wuce, an yi ihu, an ja gado, an yi mari, bai ce uffan ba. Jaririn da ke barcin lafiya da tuni ya farka. Wannan shirun ya fi komai tsorata ta.

Ta share fuska da gefen riga. Ta gane cewa kafin su buɗe duk abin da ke buɗuwa a gidan nan lokaci ya ƙure, kuma hanya ɗaya ce tak, tana ƙarƙashin tebur. Ta rarrafa ta leƙa. Da ta yi magana, muryar da ta fito ba tata ba ce, wata sassanyar murya ce mai daɗi, irin ta masu karanta labarin yara.

"'Yar Mama, yi haƙuri. Gwada ki na yi, kuma kin ci. Faɗa mini, yaushe ake fito da jariri?"

Can, cikin shessheƙa: "Ranar Kirsimeti."

"To ai yau ce."

"Gobe ce."

"Wa ya ce miki? Mu ne muka yi kuskuren lissafi. Yau ce Kirsimeti."

Rediyo ta ɗago ido ɗaya. "Ƙarya ne. Babu kyauta. Kuma Baba ya buɗe shago."

Mai Kek ta waiga. Mijinta na tsaye a bakin ɗaki, ya ji komai. Bai jira ta ce masa kome ba, ya sauka a guje. Ita kuma ta taka kujera ta miƙa hannu saman kabad, inda ta ɓoye kayan tun farkon wata, ta jawo su gaba ɗaya suka zubo mata a ka. Ta kwaso ta zube a tsakar falo, masu jar takarda da masu kore. Daga ƙasa aka ji ƙarar ƙofar shago ana jawo ta har ƙasa, ƙarar da ba a taɓa ji da rana tsaka ba sai ranar biki.

"Kin ji? Baba ya rufe shago. Ga kyautarki, buɗe ki gani."

Rediyo ta fito da rarrafe. Ta ɗauki ƙunshin, ta fara ɓare takardar a hankali don kada ta yage, kamar yadda uwar ta koya mata. Mai Kek ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Jan takalmi ne mai ƙyalli, wanda yarinyar ta daɗe tana nunawa a tagar wani kanti. Ta kalli takalmin, ta kalli uwarta, ta kalli ubanta da ya dawo yana zufa.

"To a kunna kyandir," ta ce.

Suka durƙusa a kusurwar falo gaban Maryamu da Yusufu. Ashana ta farko ta karye a hannun Mai Kek, ta biyu ta mutu. Mijin ya karɓa ya ƙyasta, ya kafa kyandir ɗin kusa da komin dabbobi. Suka fara waƙar da suke yi kowace shekara, da sauri, suna haɗiye kalmomi.

"Ba haka ake yi ba," in ji Rediyo. "A hankali ake yi. Kuma Baba ne ke yin baiti na biyu."

Suka sake daga farko. Mai Kek na waƙa tana jin nononta na ɗiga a kan cinyarta. Muryar mijin ta tsage a tsakiya, ya tsaya, ta mintsine shi ya ci gaba. Lukuti na tafa hannu yana tsalle, shi kaɗai ke cin biki a gidan. Ba ta taɓa sanin waƙar nan na da tsawo haka ba. A zuciyarta ba waƙa take ba, roƙo take: ka bar mini shi, ka bar mini shi.

Aka kai ƙarshe. Rediyo ta miƙe, ta share hanci da bayan hannu. Mai Kek ta ɗaga gwiwa ɗaya, a shirye take ta bi ta ko ina za ta. Amma yarinyar ba ta je ko ina ba. Ta matso gaban kayan katakon, ta ɗauki tunkiya ɗaya ta ajiye a ƙasa. Ta ɗauki ta biyu ta ajiye kusa da ita. Ta ɗauki makiyayi.

Sai a lokacin Mai Kek ta tuna abin da ke ƙarƙashin jan ƙyallen da aka jera su a kai. Ba tebur ba ne. Tsohon akwatin ƙarfe ne da suke ajiye barguna. Sun wuce ta gabansa ya fi a ƙirga, ba wanda ya taɓa shi, don kowace tunkiya na tsaye a inda take. Yarinyar ta kwashe su, ta sa ƙaninta, ta rufe, ta mayar da kowa wurinsa. A kansa suka kunna wuta, a kansa suka yi waƙa.

Ta share komai da hannu ɗaya. Maryamu da jaki suka bugi bango, kyandir ya faɗi kan ƙyallen, mijin ya take wutar da ƙafa. Maƙallin akwatin a rufe yake ruf. Ta ɓalle shi, farcenta ya tsage, ta ɗaga murfin. Wata iska mai ɗumi da tsami ta bugo ta.

Yana kwance a kan barguna cikin shawul ɗinsa. Fuskarsa ta yi duhu, gashinsa ya jiƙe sharkaf, baki a buɗe, ido a rufe. Ta ɗaga shi, kansa ya langaɓe, hannuwansa suka zuba kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Yesu," in ji mai aski. "Yesu. Yesu."

Ta yaye shawul ɗin ta ruga da shi baranda inda iska take. Ta kifa shi a hannunta tana murza bayansa. Ta juyo shi ta hura masa iska a fuska. Ta ɗalli tafin ƙafarsa, ta sake ɗalla, tana kiransa da duk sunayen banza da take kiransa idan tana masa wanka. Ba ta jin titi, ba ta jin mijinta. Ta kafa kunne a ƙirjinsa, bugun zuciyarta ya hana ta jin nasa. Ta sake hura masa iska, a baki wannan karon, kaɗan-kaɗan, yadda aka nuna musu a asibiti ranar da ba ta ma saurara sosai ba.

Yatsunsa suka motsa. Ya yi wata 'yar shaƙuwa, ya ja iska da ƙyar kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Fuskar ta yamutse. Sannan ya tsala ihu, siriri da farko, daga baya da ƙarfinsa duka, har masu wucewa a ƙasa suka ɗaga kai.

Ta zame ta zauna daɓas a bakin ƙofar baranda, ta ɗaga riga ta ba shi. Ya kama, ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Mijin ya dafa kan yaron, ya dafa nata. Da ƙyar ya ce, "Bari in nemo mota, mu kai shi a duba shi," ya fita ba takalmi.

Falon ya yi tsit, sai tsotson jariri. Daga inda take zaune tana hango cikin akwatin. A gefen inda kansa ya kwanta akwai ɗan faranti da yankan kek a kai. Akwai gorar ruwan da Rediyo ke zuwa makaranta da ita, da 'yar tocilan ɗinta ta wasa, a kunne, hasken ya fara dishewa.

Rediyo na tsaye cikin tarwatsattsun tumaki, jan takalmi ɗaya a hannu, shatin yatsu a kumatunta. Ta daina murmushi. Tana kallon uwarta, tana kallon ƙaninta, kuma a karo na farko tsoro ya fara shiga idonta.

"Wannan kek ɗin fa?" Mai Kek ta tambaya a hankali.

"Nasa ne. Don kada ya ji yunwa da dare."

"Da dare?"

"E. Da fitila, don kada ya ji tsoron duhu kafin safe."

Mai Kek ta rufe ido. Kafin safe. Da ba ta ji rigarta ta jiƙe ba, da ta tsaya ta gama furen nan, da yarinyar ta fi haka wayo kaɗan ta ƙi yarda da takalmi. Ta so ta ji haushin yarinyar ta kasa, don duk abin da ta yi, su suka koya mata shi da bakinsu suna dariya.

"Zo nan," ta ce.

Rediyo ta tako a hankali, ta tsaya inda hannu ba zai kai ta ba. "Mama, kukan nan na gaske ne?"

"Na gaske ne."

"Ba a tafa mini ba."

Mai Kek ta miƙa hannun da ba ya riƙe da jariri, ta jawo ta jikinta, ta kifa fuskarta a kan 'yar, tana jin ƙaramar zuciyar na bugawa da sauri. Daga ƙasa ta ji muryar mijinta yana tsayar da mota, tsohon nan mai rabin aski na taya shi ihu.

Rediyo ta ɗago kai daga kafaɗarta. "Mama, da gaske yau ce Kirsimeti?"

Ta kalli yaron, ƙirjinsa na hawa yana sauka.

"Yau ce," ta ce. "Sa takalminki mu tafi."